HAWAN SARAUTA DA SHAWAGIN JIRAGE A RANAR DA SAMA TA ƁACI



Ranar 6 ga watan Mayu 1953 da shekara saba'in, watau 2023, aka naɗa Sarki Charles na Uku a birnin Landan. An shirya jiragen yaƙi fiye da 60 za su yi shawagi a kan fadar Buckingham don gaisuwa. Da lokaci ya yi, sai hadari ya sauko ƙasa-ƙasa, ana yayyafi, hafsoshin sama suka janye yawancin jiragen, aka bar masu saukar ungulu da ayarin nan da ake kira Red Arrows kaɗai. Amma sojan ƙasa, da na doki da na ƙafa, sun yi faretinsu cikin ruwa har suka gama. Mahaifiyarsa ma haka ta samu ranar nata naɗin, 2 ga Yuni 1953: an sha ruwa, kuma abin da mutanen Ingila suka daɗe suna tunawa shi ne Sarauniya Salote ta tsibirin Tonga, wadda ta ƙi yarda a rufe mata keken-doki, ta bi gari tana jiƙewa. A 2012, ranar bikin cikar Sarauniya Elizabeth shekara 60 a kan gado, ɗaruruwan jiragen ruwa sun yi jerin gwano a kogin Thames cikin ruwa da sanyi, shawagin sama kuwa aka soke shi ɗungum.

Na fara da Turawan Ingila ne, amma hankalina yana kan wata Turawa dabam, watau garin Turawa na ƙasar Ƙaraye, da ƙauyukan da ke tsakanin Ƙaraye da Rogo, inda ake kiwon dawakin da birni ke kallo ranar Salla. Tambayata ita ce: in sama ta ɓaci ranar hawa, wa ke da ikon cewa a dakata, kuma wa ke ɗaukar asara in ba a dakata ba?

Mu fara da bambancin da ke tsakanin hawan Salla da hawan daba. Hawan daba na Gwamnati ne, ita ke sa masa rana. Kalmar ma daga Indiya Turawan mulki suka zo da ita. Lugga ya tara sarakuna a Kano ranar 1 ga Janairu 1913. Dabar da aka yi wa Sarauniya a Kaduna a watan Fabrairu 1956 ta kasance, haka ta bikin FESTAC a Fabrairu 1977. Duk cikin rani ke nan, lokacin da hanya ta bushe, rafuka suka janye, amfanin gona ya shiga rumbu, ga harawa ga dawa. Hawan Salla kuwa, wanda ake danganta kafuwarsa a Kano da zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499), wata yake bi, kuma shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana 11 ko kusa da haka. Saboda haka cikin shekara 33 sai Salla ta zagaye hunturu da bazara da damina da kaka. Ƙaramar Salla ta 2000 a ƙarshen Disamba ta faɗo, cikin hazo. Ta 2012 a watan Agusta, tsakiyar marka. Ta 2025 a ƙarshen Maris, rana na dukan ƙeya.

To, me ruwa ke yi wa mahayi? Wanda ke zaune cikin rumfa ba ya sanin wannan. Lifidi auduga ce aka cusa aka ɗinke. In ya sha ruwa nauyinsa ya ƙaru a bayan doki, kuma in ba a shanya shi da kyau ba sai ya yi fumfuna ya ruɓe. Sulke ya yi tsatsa. Rawani ɗan Kura, mai shuni da ƙyalli, ya zuba ya ɓata riga da alkyabba. Fatar tambari da ta ganga ta saki, amo ya mutu. Albarushin 'yan bindiga in ya yi sanyi ba ya tashi, ko kuwa ya makara ya tashi lokacin da ba a zata ba, wanda ya fi muni. Babban hatsari kuwa wajen jafi ne. Dawakinmu galibi ba a sa musu takalmin ƙarfe, kuma an saba tsayar da su ne da linzami mai kaifi, farat ɗaya, a kan rairayi. A kan jiƙaƙƙiyar kwalta ko laka doki ba ya samun abin da zai kafa kofato, sai ya zame da mahayinsa, ga jama'a maƙil a gefen hanya.

Sa'an nan a tuna cewa kafin motoci su yawaita, hakimin da ke nesa, kamar na Ƙaraye, da dagatansa da barorinsa a kan doki suke zuwa birni, tafiyar kwanaki, a ƙetare rafukan da ke zuba cikin kogin Challawa. In Salla ta zo da damina, lokacin noma ne aka bar gona. Ba Sarki ke biyan wannan ba, ba kuma mai kallo ba. Dagaci ne, da mai unguwa, da manomin da ya ba da aron dokinsa ko ɗansa. Tun da aka ɗaga Ƙaraye ta zama masarauta a 2019, aka rushe a 2024, aka sake kafa ta a shekarar a matsayi na daraja ta biyu mai riƙe da Ƙaraye da Rogo, hanya ta ragu ga mutanen Turawa, amma kuɗin kayan doki bai ragu ba.

Yanzu mu ɗaga kai sama. Jirgin sama ya fara sauka a Kano ranar 1 ga Nuwamba 1925, jirage uku na sojan saman Ingila daga Masar, kuma a filin dawaki suka sauka, abin da nake ganin ya dace da zancenmu. A ƙasar nan ba ruwa ne babban abokin gabar matuƙi ba, hazo ne. Ƙurar hunturu daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi take tasowa, iskar arewa maso gabas ta kwaso ta, wani lokaci har mutum ya kasa hango ƙarshen fili. Shawagin gaisuwa kuwa da ido ake yinsa: jirage suna tafe kusa da juna, ƙasa-ƙasa, kowane matuƙi yana auna fiffiken na kusa da shi, ga dubban mutane a ƙarƙashinsu. Mutanen Kano ba su bukatar a gaya musu abin da mummunan yanayi ke jawowa. Ranar 22 ga Janairu 1973 jirgin alhazai daga Jidda, wanda aka juyo da shi daga Legas saboda ɓacin yanayi, ya yi hatsari wajen sauka a Kano ana iska mai ƙarfi, mutum 176 suka rasu.

A nan ne nake ganin sojan sama sun fi mu tsari, ko da yake ba su fi mu jarunta ba. Su an rubuta musu ƙa'ida tun kafin ranar: in gajimare ya sauko ƙasa da kaza, ko ido bai kai nisa kaza ba, jirgi kaza ba zai tashi ba. Hafsan da ya ce a janye bai yi wa Sarki rashin ladabi ba, ƙa'ida ya bi, kuma a Landan an ga Sarki ya fito ya kalli ɗan abin da ya samu. Mahayinmu ba shi da wannan mafaka. Wane dagaci ne zai dubi hakiminsa ya ce, ranka ya daɗe, yau ba zan yi jafi ba, ƙasa da santsi? Kunya da tsoron gori za su sa shi ya saki linzami.

Kada a ce hawa ba ya dakatuwa. An dakatar da shi a Kano a 2020 saboda annobar korona, 'yan sanda kuma sun hana shi a 2024 da 2025 saboda rikicin sarauta, alhali a Disamba 2024 ne hukumar UNESCO ta sa hawan Kano cikin jerin al'adun duniya da ake tattali. Ashe in manya sun ga dalili, ana iya ajiye sirdi. Abin da ba mu saba ba shi ne a rage hawa saboda lafiyar mahayi da dokinsa.

Ku ma'aikata, ku ne kuke rubuta tsarin biki a ofisoshin ƙananan hukumomi da majalisun masarautu. Hukumar hasashen yanayi ta ƙasa, NiMet, tana fitar da hasashen kwanaki uku, na ruwa da na hazo. Shawarata ita ce kowane tsarin hawa ya zo da na biyu a bayansa, wanda fada ta amince da shi tun da wuri: in ruwa ya sauka, a yi gaisuwa da tafiyar takama maimakon sukuwa, a zuba yashi a gaban rumfa, a hutar da 'yan bindiga, a kuma ambaci mutum guda da sunan sarautarsa, ko Madaki ne ko Shamaki, wanda in ya ɗaga hannu magana ta ƙare. Umurnin daga bakin Sarki zai fito, domin dagacin Turawa ya koma gida da dokinsa ba wanda ya ce masa ya ji tsoro.