Ƙaramin Lauyan Gwamnati Da Haƙƙin Ciyar Da Yara A Amurka

Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na Ƙungiyar Tsofaffin Ɗalibai



Shugaban wannan taro, Shugaban Makaranta, iyayenmu malamai na da da na yanzu, shugabannin ƙungiya, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai, ina yi mana barka da ganin wannan rana. Kwamitin shirya taro ya umarce ni da in yi bayani a kan aikin da nake yi, don amfanin ƙannenmu masu sha'awar karatun lauya, da kuma 'yan'uwanmu da ke da dangi a ƙasar Amurka. Ina neman afuwar malamaina, domin tsayawa a gabansu ya fi tsayawa a gaban alƙali wuya.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a wata ƙaramar hukuma ta Jihar New York, ƙaramin lauya a sashen da ke karɓar kuɗin ciyar da yara daga hannun iyayen da ba sa zaune tare da 'ya'yansu. Aiki ne da ba ya fitowa a jarida, ba a kuma yin arziki da shi. Amma abincin yara da kuɗin hayar ɗakin da suke kwana sun rataya a kansa, shi ya sa nake ganin ya cancanci a san shi.

Bari in fara da asalin abin. A farkon shekarar 1975 Shugaba Gerald Ford ya sa hannu a kan dokar da ta kafa wannan shiri. Dalilin gwamnati a lokacin na kuɗi ne. Tana kashe dukiya mai yawa wajen tallafa wa mata masu riƙon yara su kaɗai, alhali iyayen yaran maza suna nan da ransu, da yawansu kuma suna aiki. Sai aka wajabta wa kowace jiha ta buɗe ofishin da zai nemo uban, ya tabbatar shi ne uba, ya samo umarnin kotu, sannan ya karɓi kuɗin. Gwamnatin tarayya ke biyan kashi 66 cikin 100 na kuɗin gudanar da waɗannan ofisoshi. A yau shirin yana kula da yara fiye da miliyan 10, yana kuma tara kimanin dala biliyan 30 a shekara, kuma kowace uwa ko uba na iya neman taimakonsa, ko suna karɓar tallafin gwamnati ko ba sa karɓa.

Kowace jiha da irin tsarinta. A Texas ofishin Babban Lauyan Jiha ke riƙe da aikin, a Florida ma'aikatar tara haraji ce, a California da New York kuwa ƙananan hukumomi ke yin sa a ƙarƙashin kulawar jiha. Ɗan ƙasa kan yi digiri na farko, ya ƙara shekara uku a makarantar lauyoyi, sannan ya ci jarrabawar jihar da yake son yin aiki. New York na cikin jihohin da ke barin wanda ya karanta lauya a ƙasa irin Najeriya ya zauna wannan jarrabawa, ko da yake wasu sai sun ƙara digiri na biyu na shekara ɗaya a can. Albashin bai kama ƙafar na manyan kamfanonin lauyoyi ba. Abin da ke jan matasa shi ne inshorar lafiya, da fansho, da wata doka ta 2007 da ke yafe ragowar bashin karatu na gwamnatin tarayya ga wanda ya yi shekara 10 yana aikin gwamnati yana kuma biya. Babbar riba kuwa ita ce gogewa. Sabon lauya a babban kamfani na iya yin shekaru bai buɗe baki a gaban alƙali ba, mu kuwa tun a watannin farko ake miƙa wa mutum tulin fayil a nuna masa ƙofar Kotun Iyali.

Darasi na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne ya san wanda yake wakilta. Uwa takan shigo tana cewa ga lauyanta, uba kuma ya shigo yana harara, yana ganin abokin gaba. Dukansu sun yi kuskure. Lauyan wannan sashe hukuma yake wakilta, kuma abin da hukuma ke so shi ne a yanke adadin da ya dace da doka, a kuma biya shi. Ba ruwanmu da wanda ya fara laifi a auren, ba mu kuma raba gardamar wanda zai riƙe yaro. Akwai ma lokacin da uba ne ke riƙon yaran, uwa ce ake bi kuɗi.

Idan ba a yi aure a hukumance ba, matakin farko shi ne tabbatar da uba. Ana iya yin haka tun a asibiti ta hanyar sa hannu a takardar amincewa, kuma wanda ya sa hannu yana da kwana 60 da zai iya janyewa. Idan an yi musu, sai kotu ta ba da umarnin gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ba ya bukatar jini, auduga kawai ake gogawa a cikin kunci.

Daga nan sai lissafi. Tun bayan dokar 1988 kowace jiha tana da ma'aunin da alƙali zai bi, in kuwa zai kauce masa sai ya rubuta dalili. A New York ana haɗa kuɗin shigar uwa da na uba, a ɗauki kashi 17 cikin 100 don yaro ɗaya, 25 don yara biyu, 29 don uku, 31 don huɗu, sannan aƙalla 35 don biyar zuwa sama. Alal misali, a ce bayan an cire abin da doka ta yarda a cire, uba na samun dala 40,000 a shekara, uwa na samun 20,000, suna da yara biyu a hannun uwa. Jimla 60,000 ke nan, rubu'inta 15,000. Tun da uba ke samun kashi biyu cikin uku, zai biya 10,000 a shekara, wato kimanin dala 833 a wata, ban da rabonsa na kuɗin asibiti da na raino. A wannan jiha ana biya har yaro ya kai shekara 21.

To, yanke hukunci daban, karɓar kuɗi daban. Mutane kan ɗauka da kurkuku ake tsorata iyaye, amma haƙiƙa ƙarfin shirin yana ga rajista da albashi. Dokar da Shugaba Bill Clinton ya sa wa hannu a 1996 ta wajabta wa duk mai ɗaukar ma'aikata ya sanar da hukuma sabon ma'aikacinsa cikin kwana 20. Sunan kan shiga wata babbar rajista ta ƙasa, kwamfuta ta gwada shi da sunayen waɗanda ake bi, sai takarda ta tafi wurin aikin a riƙa cire kuɗin kafin albashi ya kai hannu. Ko mutum ya tsallaka wata jiha, umarnin na bin sa. Kusan kashi uku cikin huɗu na duk abin da ake tarawa ta wannan hanya yake shigowa. Wanda ya bari bashi ya taru, ana iya riƙe rarar harajin da gwamnati za ta mayar masa, a taɓa asusunsa na banki, a dakatar da lasinsa na tuƙi, idan kuma bashin ya wuce dala 2,500 a hana shi fasfo. A New York wanda aka tabbatar yana da hali ya ƙi biya da gangan na iya shan ɗaurin da ya kai wata shida.

Jama'a, a nan ne aikin ke bukatar tsoron Allah. Waɗannan makamai an ƙera su ne don mai hali da ya ƙi, amma sau da yawa a kan marar hali suke sauka. Bashin da ake bin iyaye a faɗin ƙasar ya haura dala biliyan 100, kuma kaso mai yawa nasa yana wuyan mutanen da ba su da aikin kirki. Yadda abin ke faruwa shi ne, a aika wa mutum sammaci bai zo ba, a yanke masa adadi bisa ƙiyasi, wata ya bi wata bashi na hawa. Wata doka ta 1986 kuma ta hana alƙali komawa baya ya rage bashin da ya riga ya taru, sai dai daga ranar da aka shigar da buƙatar ragi. Idan an ƙwace lasin direba ba shi da abin nema, idan an ɗaure shi ya rasa aikin, yaron da ake yi domin sa kuma bai sami ko sisi ba.

Kotun Ƙoli ta ƙasar ta duba wannan a 2011, a shari'ar Michael Turner na Jihar Carolina ta Kudu, wanda aka ɗaure shekara guda a kan bashin da bai kai dala 6,000 ba, ba tare da lauya ba, kuma ba tare da alƙali ya bincika ko yana da halin biya ba. Kotun ta soke hukuncin, ta ce dole a bi hanyar da za ta tabbatar da halin mutum kafin a ɗaure shi. A 2016 gwamnatin tarayya ta fito da ƙa'idar da ta ce a yanke adadi bisa ainihin abin da mutum ke iya biya, kuma kada a ɗauki zaman kurkuku a matsayin ƙin aiki da gangan. A New York wanda kuɗin shigarsa bai kai ma'aunin talauci ba ana iya yanke masa dala 25 kacal a wata.

Saboda haka ƙaramin lauya na zaune ne tsakanin wuta biyu. Idan ya yi sakaci da mai ɓoye dukiya, wanda ke karɓar kuɗin aikinsa a hannu don kada a gani, ya cuci yaro. Idan kuma ya nemi a ɗora wa talaka abin da ya fi ƙarfinsa, ya cuci uban, ya kuma cuci yaron, domin umarnin da ba a iya biya takarda ce kawai. Abin da na fahimta shi ne, dala 200 da ke shigowa kowane wata ta fi dala 800 da ke rubuce a fayil. Gano adadin gaskiya shi ne aikin, kuma ana gano shi ne ta karanta takardun albashi da na haraji a tsanake, da yi wa kowane ɓangare tambaya cikin mutunci.

Ina da saƙo ga waɗanda ke da 'yan'uwa a can, musamman a unguwanni irin su Bronx, inda Hausawan Najeriya da Nijar da Gana ke da yawa. Ku gaya musu kada su jefar da sammaci, domin rashin zuwa ba ya tsayar da shari'a. Wanda ya rasa aiki, ko zai zo gida ya daɗe, ya garzaya kotu ya nemi ragi a ranar, ba a fafe gora ranar tafiya. Idan an ce a biya ta hannun hukuma, kuɗi ko buhun shinkafar da aka kai wa uwar yara a hannu galibi kyauta ake ɗaukar su, bashi na nan. Auren da aka ɗaura a masallaci ba a yi rajistarsa ba, ba ya rage wa yaro haƙƙinsa. Mace kuma da ke tsoron mijin zai cutar da ita ta faɗa tun farko, akwai tanadin ɓoye adireshinta.

A nan gida, malamanmu na addini sun karantar da mu cewa ciyar da ɗa da tufatar da shi wajibi ne a kan uba, ko da uwar ta fita, kuma kotunanmu suna yanke hukunci a kan haka. Hukuncin ba baƙo ba ne a wurinmu. Abin da bazawara ke rasawa shi ne wanda zai bi mata kuɗin bayan an tashi daga kotu, sai ta yi ta safa da marwa har ta gaji ta bar wa Allah. A cikin wannan zaure akwai alƙalai, da lauyoyin ma'aikatar shari'a, da akantoci masu biyan albashi. Ina roƙon su yi nazarin yadda cire kuɗi daga albashi zai zama abin yau da kullum, tare da kiyaye darasin da Amurkawa suka koya da tsada, wato kada a ɗora wa mutum abin da ba zai iya ɗauka ba.

Ga ƙannenmu masu tasowa kuwa, kada ku raina ƙaramin teburi a ofishin gwamnati. Kowane fayil da ke kansa yaro ne mai jiran abinci da kuɗin makaranta.

 Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu da rahama. Allah ya ɗaukaka wannan makaranta, ya ƙara haɗa kanmu, ya mai da kowa gidansa lafiya.