Guduma a Gindin Gada, Tsaga a Jikin Soro



A watan Fabrairun 2021 aka ƙaddamar da aikin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kimanin kilomita 284, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Mu mutanen Zango da sauran ƙasar Daura mun yi murna. To, amma manyan ayyuka irin wannan suna tafe da wani abu da ba a cika zancensa ba, watau jijjigar ƙasa.

Inda ƙasa ba ta da ƙwari, akan ɗora gada bisa turakun kankare ko na ƙarfe da aka nutsa can ƙasa. Kafin a amince da turke sai an gwada shi. Wani lokaci akan jibga masa nauyi sannu a hankali, a auna nutsewarsa. Wani lokaci kuwa akan saki guduma mai nauyin ton da dama a kansa. Wannan ya fi sauri da araha, sai dai kowane bugu yakan bi ƙasa har gindin katangar maƙwabta.

Injiniyoyi suna auna jijjigar da milimita a daƙiƙa. Mutum yakan fara jin ta tun daga 0.3. Ƙa'idar Jamus, DIN 4150, ta tsayar da 5 ga gidajen kwana, 3 ga tsofaffin gine-gine masu rauni, in jijjigar mai jinkiri ce.

Abin lura shi ne, yawancin ƙasarmu rairayi ce. Sakakken rairayi in aka jijjiga shi sai ya daddanne, tushen gini ya sauka. Ginin tubali kuwa ba ya jure ja. Sai katanga ta tsage, azara ta motsa, damina ta ƙarasa sauran.

Saboda haka ina roƙonku, musamman ma'aikatan ofisoshin ayyuka, da abu uku. A zagaya gidajen da ke kusa tare da mai unguwa, a ɗauki hoton kowace tsaga kafin a fara aiki. A ajiye na'urar awo a gindin gida mafi kusa. Kusa da masallaci ko tsohon soro kuma, a zaɓi gwajin jibga nauyi. Talakan da ba shi da hoto ba shi da hujja ranar neman diyya. Tun ran gini, tun ran zane.