Idan Hanci Ya Karye: Shin Dole Sai An Ɗauki Hoto?

 Yau hirarmu a kan karayar hanci ce, abin da kan samu yaranmu wajen ƙwallo, ko faɗa, ko faɗowa daga babur.

Da farko, uwargida, in yaro ya shigo yana haɓo, kar ki ɗaga kansa sama, jinin maƙogwaro zai bi. Zaunar da shi ya ɗan sunkuya, ki matse tattausan wurin hancin minti 10 zuwa 15 ba sakewa. Ki naɗe ƙanƙara a tsumma ki ɗora masa, ki ba shi farasitamol. Kar ki ce za ki miƙe hancin da hannunki, kar kuma a kai shi wurin mai ɗori.

To, sau da yawa in an je asibiti sai ka ji uwa na ƙorafi: "Ko hoto ba su yi masa ba!" Ba sakaci ba ne. Likita da ido da hannu yake gane karayar hanci: ya duba ko ya karkace, ya taɓa karan hancin, ya haska ciki. Ƙasan hanci guringuntsi ne, shi kuwa ba ya fitowa a hoton ƙashi. Saboda haka hoton ba kasafai yake canza magani ba, sai dai kashe kuɗi. Babban hoton kwamfuta, wato siti-sikan, shi ake nema in ana zargin raunin ya kai ga ƙashin ido, ko muƙamuƙi, ko ƙoƙon kai.

Amma akwai alamun da ba a kwana da su. Jinin ya ƙi tsayawa bayan minti 20. Yaro ya suma, ko yana ta amai, ko yana ganin abu biyu-biyu. Ruwa garau yana ɗiga daga hanci. Ko kuma ki leƙa ki ga wani jan ƙullutu ya toshe ciki. Wannan jini ne ya taru. In ba a zuƙe shi da wuri ba, guringuntsin na iya mutuwa, hancin ya lotsa har abada. Nan take a nufi sashen gaggawa, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika.

In babu waɗannan, kumburi kan saɓe cikin kwana 3 zuwa 5. In hancin ya fito a karkace, ku koma wurin likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Na babba ana gyara shi kafin kwana 14, na yaro kuwa cikin mako guda, don ƙashinsa ya fi saurin haɗewa. Ki tafi da tsohon hotonsa, ko na Sallah ne, likita ya ga yadda hancin yake a da.

Shawara ta ƙarshe: tun yau ki nemi izinin maigida, cewa in irin wannan ta taso ba ya nan, za ki iya fita ko ki aika da yaron.

Allah ya tsare mana zuri'a. Sai mako mai zuwa, ku huta lafiya.