Na Kwashe Kayana, Na Bar Ƙuri'ata A Tsohuwar Unguwa

Laccar da Akawun Jam'iyya ya yi wa 'yan reshen kasuwa ranar Lahadi da la'asar

Ina gai da shugabanni, da iyayenmu maza da mata, da 'yan'uwana 'yan kasuwa, musamman ku da kuka rufe rumfunanku kuka zo. Yau ba ni da dogon Turanci. Labarin ƙaura zan ba ku, irin wadda kowannenku ya taɓa yi ko kuwa yana shirin yi, domin a cikinta na gano wani sakaci nawa wanda nake tsammani muna da yawa a cikinsa.

Shekara takwas ina haya a Fagge, ciki da falo, ni da iyalina. Sai mai gida ya aiko yaronsa da takarda, wai an ƙara kuɗin haya, in biya ko in tashi. Na ƙidaya albashina a yatsu, na ga ba hali. Tun da aka janye tallafin man fetur ran 29 ga Mayu 1923, af, 2023 nake nufi, tsufa bai zo ba amma haya ta rikita ni, komai ya tashi, kuma kun fi ni sani tun da ku ke auna wa mutane. Na bi dillalai har takalmina ya suɗe, kowa da la'adarsa. Ƙarshe dai na sami gida a Panshekara, cikin ƙasar Kumbotso.

Ranar tashi muka ɗauki akori-kura ɗaya da 'yan dako uku. Uwargida ta ƙidaya tukwanenta da kwallayenta ɗaya ɗaya. Ni kuwa na rungume akwatin takarduna, gama a makarantar mishan inda na yi karatu malaminmu ya hore mu da cewa takarda ba ta ɓata a hannun mai hankali. Da muka sauka na gai da mai unguwa, na gai da liman, uwargida ta dama kunu aka raba wa maƙwabta sadaka, kamar yadda aka saba.

Sai da dare ya yi ina jera takardu, na ci karo da katin zaɓena. Na duba, na ga har yanzu sunan rumfar Fagge ke jikinsa. Jama'a, gabana ya faɗi. Ni da ke rubuta sunayenku a littafin jam'iyya, ni da ke hawa benci ina ce muku ku fito ku jefa ƙuri'a, ga shi na kwashe har tsintsiya da maficin kara, amma na bar ƙuri'ata a tsohuwar unguwa!

Ku dubi abin da ya bi ni da kansa. Lambar wayata ta bi ni. Kuɗina na banki sun bi ni, gama washegari na je wurin mai POS na bakin titi ya ba ni abin cefane. Lambar nan ta ɗan ƙasa da aka tilasta mu haɗa ta da layin waya tun Disamba 2020, ita ma ta bi ni. Bashin da ake bi na ma bai ɓace hanya ba. Duk abin da ake karɓa daga hannun talaka ya san sabon gidana. Abu ɗaya da talaka ke riƙe da shi a kan masu mulki, shi ne ya tsaya can, sai in na tafi na ɗauko shi da ƙafata.

Wani zai ce, to mene ne? Ranar zaɓe ka koma Fagge mana. Ashe kun manta yadda ranar take? Ana hana motoci da A Daidaita Sahu tafiya tun da sassafe. Daga Panshekara zuwa Fagge a ƙasa tafiya ce ta sa'o'i, ga rana, ga layi, ga komowa. Saurayi ya iya. Mace mai goyo fa? Tsoho fa? Sai mutum ya ce a bari sai wani jiƙon, ya shimfiɗa tabarma ya kunna rediyo yana jiran a faɗa masa wanda waɗansu suka zaɓa masa. Kuma ko na jure na tafi, ɗan majalisar Fagge zan zaɓa, alhali kwatar da ke cika a ƙofar gidana da makarantar 'ya'yana suna Kumbotso.

Ku ji lissafi. A zaɓen shugaban ƙasa na 25 ga Fabrairu 2023 mutum miliyan 93 da ɗoriya ke cikin rajista, amma waɗanda suka jefa ƙuri'a ba su kai miliyan 25 ba. Watau cikin mutum huɗu, uku sun zauna a gida. A nan Jihar Kano wajen miliyan 5.9 ke cikin rajista, ƙuri'un da aka ƙirga kuwa kamar miliyan 1.7. Dalilai suna da yawa: akwai tsoro, akwai fid da rai, akwai wahalar takardun kuɗi da ta same mu a wannan wata. Amma ku tambayi 'yan layinku a Kwari da Singa da Sabon Gari, mutum nawa ke kwana a unguwar da ya yi rajista? Haya tana kora mu bayan gari kowace shekara, kuma wanda haya ke kora ba attajiri ba ne. Mai gidan kansa yana nan kusa da rumfarsa. Saboda haka in ba mu lura ba, tsadar haya kaɗai ta isa ta rage ƙuri'ar talaka ba tare da wani ya saci akwati ba.

Kada kuma wani ya ce ƙuri'a ɗaya me za ta yi. A zaɓen gwamnan Sakkwato na 2019, bayan an sake zaɓe a waɗansu rumfuna, ƙuri'a 342 ce ta raba na ɗaya da na biyu. Layi biyu na kasuwar nan sun fi haka yawa.

Yanzu bari in taɓa labarin na'urori, domin samarinmu kullum suna nuna mini shi a waya. A 2015 Hukumar Zaɓe ta kawo na'urar karanta kati. A 2020 ta buɗe wani dandali a intanet da ake kira IReV, inda ake liƙa hoton takardar sakamakon kowace rumfa don kowa ya gani. A 2021 ta kawo na'urar BVAS. Aikinta shi ne, ka miƙa katinka, ta duba yatsanka ko fuskarka, ta tabbatar kai ne. Bayan an ƙirga ƙuri'a a gaban jama'a, an rubuta, wakilan jam'iyyu sun sa hannu, sai a ɗauki hoton takardar da ita a aika. Wannan ci gaba ne, ban raina shi ba. Ya sa jefa ƙuri'a da katin mamaci ya yi wuya.

Amma fa ku lura da abu biyu. Na fari, kowace na'ura sunayen rumfarta aka ɗura mata. In na kai katin Fagge rumfar Panshekara, ba ta san ni ba, ko da mai unguwa da liman sun rantse ni maƙwabcinsu ne. Na biyu, mun ga abin da ya faru a 2023: sakamakon zaɓen shugaban ƙasa bai hau dandalin a kan lokaci ba, Hukumar ta ce tangarɗar na'ura ce, kuma a Oktoba na shekarar Kotun Ƙoli ta ce wannan bai isa ya rushe zaɓen ba. Me ya rage a hannun mutane a ranar? Takardar da wakili ya sa wa hannu ya karɓi tasa, da idanun waɗanda suka tsaya har aka gama ƙirga. To, wa zai tsaya har magariba a rumfa? Wanda gidansa ke bayan rumfar. Wanda zai taka zuwa Panshekara a ƙasa, da ya dangwala sai ya kama hanya.

Iyayenmu da ke zaune a nan sun ji labari daga nasu iyayen. A zaɓen 1951 talakan Arewa bai zaɓi ɗan majalisa da hannunsa ba, hawa-hawa aka yi, ana tacewa, har ya zamana waɗanda jama'a suka so a ƙasa sun zube kafin a kai sama. Sai a 1959 aka yi zaɓen tarayya na kai tsaye a Arewa, shi ma maza kaɗai. Matan Arewa sai a 1976 suka fara jefa ƙuri'a, bayan irin su Hajiya Gambo Sawaba sun sha ɗauri da duka a kan wannan magana. Abin da aka samo da gidan yari, kunya ne a ce ya salwanta a cikin akori-kura.

To, ga abin yi. Duk wanda ya sake unguwa, ko ya auro mata daga wani gari, ko ya ɗauko tsohuwarsa daga ƙauye, ya duba katin. In rumfar ta yi nisa, ya tafi ofishin Hukumar Zaɓe na ƙaramar hukumar da yake zaune yanzu, a lokacin da aka buɗe rajista, da katinsa a hannu, ya ce canjin rumfa yake so. Tun 2021 kuma Hukumar ta buɗe hanyar fara neman wannan ta waya. Ba a biyan ko kwabo, wanda ya nemi kuɗi ku zo ku gaya mana. In sabon kati ya fito, a koma a karɓa, kada a bar shi yana shan ƙura a ofis. Kada kuma wani ya ce bari kawai ya sake sabuwar rajista. Laifi ne, kuma na'ura tana gane yatsa: a 2022 Hukumar ta soke sababbin rajista fiye da miliyan 2.7, da yawansu saboda maimaici. Sa'an nan a yi da wuri. Dokar zaɓe ta 2022 ta sa wa'adin kwana 90 kafin zaɓe, kuma Hukumar kan rufe rajista tun kafin haka. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ni dai na je na cika tawa takardar, uwargida ma na raka ta. Daga gobe Litinin, bayan sallar la'asar, zan zauna a ofishin reshe da littafi. Wanda bai iya karatun boko ba ya kawo katinsa in karanta masa sunan rumfarsa. Shugabannin layi, kowa ya bi rumfuna goma na kusa da shi ya tambaya, har da yaran shago da 'yan dako. Iyayenmu mata, ku ne kuka san amaren da aka kawo unguwa bana, ku tambaye su inda katinsu yake.

Wanda ya ji ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya ba mu maƙwabta nagari, ya rufa mana asiri da gidan kanmu.