Numfashi A Kan Dutse: Jan Kunne Ga 'Yan Uwa Matasa

Likitan ya fara jawabinsa ne da tambayar 'yan uwa: me ya sa mai hawan dogon dutse yake haki ko da a zaune yake?

Ya ce iskar oksijin kashi 21 cikin 100 ce, a ƙasa ko a sama. Nauyin iskar ne ke raguwa, har ya koma rabi a tsayin mita 5,500, sai huhu ya riƙa samun kaɗan. Nan take numfashi da bugun zuciya kan ƙaru. Sannan ƙoda ta saki sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙara jajayen ƙwayoyin jini, amma wannan sai an yi makonni.

Ya ci gaba da cewa daga mita 2,500 ake fara jin ciwon kai, amai da rashin barci. Idan tari da haki suka tsananta, to ruwa na iya taruwa a huhu, maganinsa kuwa saukowa nan da nan.

Daga ƙarshe ya ja kunnen masu sikila, cewa ƙarancin oksijin na tayar da ciwonsu. Ko tsaunin Mambila za su, su fara ganin likita. Allah ya kiyaye.