Tallafin Cajar Mota a Gida: Idan Ya Zo Kano, Wa Zai Karɓa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, saboda waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Yau maganar motar lantarki za mu yi, musamman cajar da ake kafa mata a gida da tallafin da gwamnatoci ke bayarwa a kanta. Na san wani zai ce, "Haba malam, mu da muke kai waya shagon caji, ina mu ina cajin mota?" Ku yi haƙuri ku biyo ni. Kuɗin jama'a ake magana, kuma duk inda kuka ji an ce tallafi, gara a yi magana tun ba a fara rabo ba.

A Amurka, dokar da suka yi a 2022 ta ba wanda ya kafa caja a gidansa damar a rage masa haraji da kashi 30 cikin ɗari na abin da ya kashe, har zuwa dala 1,000, amma sai idan yana karkara ko unguwar masu ƙaramin ƙarfi. A Ingila sun yi shekaru suna ba da tallafi, har ya tsaya a fam 350. Da aka shiga Afrilun 2022 sai suka cire masu zama a gidan kansu mai fili, suka bar 'yan haya da mazauna benaye masu ɗakuna da yawa. Ku riƙe wannan: ko a can, da tafiya ta yi tafiya, sun gane wanda ya fi saurin zuwa karɓa shi ne wanda dama zai iya saye da kuɗinsa.

Mu nan fa? An fara taɓawa. A Oktoban 2024 Ministan Kuɗi Wale Edun ya sanar da cire harajin VAT a kan motocin lantarki da iskar gas ta CNG da wasu kayan makamashi. Tun kafin nan, a 2021, hukumar NADDC lokacin Jelani Aliyu ta kafa tashar caji mai amfani da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato. A Maiduguri Mustapha Gajibo ya nuna cewa matashin Arewa zai iya mayar da bas ta koma lantarki. To kun san halinmu. Wata rana wani zai dawo daga taro a ƙasar waje da takarda, ya ce mu ma a fara biyan mutane su sa caja a gida. Ni kuma ina cewa a dakata, a fara duba gidan.

Cajar gida irin wadda ake sa wa mota tana jan kilowat 7. Wato kamar ka kunna ƙananan na'urorin sanyaya ɗaki bakwai a lokaci ɗaya, kuma su yi awa shida ko takwas suna aiki. Yanzu ka ɗauki unguwa irin Kurna ko Ɗorayi ko Rijiyar Lemo, inda taransifoma ɗaya ke ɗauke da gidajen da suka fi ƙarfinta, da zarar zafi ya shigo an fara karo-karon gyara. Mutum biyar su sa irin wannan caja a layi ɗaya, wallahi sai dai a kwana a duhu. Sannan ga maganar mita: gida nawa ne har yau ake kawo wa bil na ƙiyasi? Ga haya: wane mai gida ne zai bar ka ka fasa masa bango ka ja waya mai kauri, alhali bai san ko za ka kai baɗi a gidan ba? Ga lungu: cikin birni akwai gidajen da ko mashin da ƙyar yake shiga.

To wa ya rage? Mai gidan kansa, mai gareji, mai mita, wanda ke layin Band A, layin da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana, aka kuma kai kuɗinsa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024 kafin a ɗan sassauta. Mutumin da ya cika waɗannan sharuɗɗa, ya kuma iya sayen motar miliyoyi, ba ya jiran tallafin kowa. Ba hassada nake ba, Allah ya ƙara masa. Amma a ɗebi harajin mai sayar da kayan miya a 'Yankaba a saya masa caja, wannan kashin dankali ne.

Tambayar da ta kamata a yi ita ce, wa ke ƙona fetur a Kano daga asuba har dare? Ɗan adaidaita sahu. Tun da aka hana acaɓa a 2013, shi ke ɗauke da garin nan, ɗalibi da ma'aikaci da mai zuwa asibiti. Tun daga 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai, shi ya fi kowa ji a jika: ya sayi mai, ya kai balas, abin da ya rage ya kai gida. Ku yi lissafi da mota ma ku gani. Motar lantarki takan ci yunit 15 zuwa 20 a tafiyar kilomita 100. Ko a kuɗin Band A na naira 225, bai wuce 4,500 ba. Ƙaramar motar fetur mai shan lita 8 a wannan tafiyar, lokacin da lita ta kai naira 1,000 a ƙarshen 2024, naira 8,000 ke nan. Mai kuɗi da ke fita ofis ya dawo ba zai ji bambancin sosai ba. Wanda ke kan titi awa goma sha biyu, wannan bambancin shi ne cefanensa.

Sai dai ɗan adaidaita ba shi da gareji. Da yawansu mashin ɗin ma ba nasu ba ne, kuma ba a gida yake kwana ba, a wurin ajiya ake barinsa ana biyan mai gadi. Ke nan a wurinsa "cajar gida" magana ce kawai. Cajar da za ta amfane shi ita ce wadda take inda mashin ke kwana, ko inda zai tsaya minti biyar a cire masa batirin da ya ƙare a sa masa cikakke.

Nan ne Sharaɗa da Challawa da Bompai suka shigo. Duk wanda ya zagaya waɗannan wurare ya san abin da ke akwai: manyan layukan wuta da aka ja saboda injina, filaye masu katanga, manyan rumfunan kwano masu faɗin da za su ɗauki farantan sola da yawa. Ya kuma san masana'antu nawa ne suka rufe, musamman masaƙu, ƙofa a garƙame ciyawa ta cinye harabar. A Challawa akwai tashar sola mai megawat 10 da Shugaba Buhari ya buɗe a Janairun 2023. Abin da gida ba shi da shi, a can yana nan zube. Kuma ba bayan gari ba ne can nesa, Sharaɗa da Bompai adaidaita na ratsa su kullum.

Kada wani ya ɗauka wuta ta wadata a can. Masu majema da masu kamfanonin roba su ma kuka suke da tsadar Band A da kuɗin dizal. Idan aka ɗora tashar caji a kan layinsu da rana tsaka, an rage wa masu aiki ne, kuma idan aka koma caja batir da janareta, an gudu ba a tsira ba. Shi ya sa nake ganin rana ta sola ce, dare kuma na layi, lokacin da injina da yawa suka tsaya. Kenya ta yi haka a 2023: ta ware wa masu cajin abin hawa farashi na musamman, shilin 16 kowane yunit, cikin dare kuma rabin haka. Dokar Wutar Lantarki ta 2023 ta ba jihohi damar tsara kasuwar wutarsu. Saboda haka wannan magana ce da za a iya kai wa majalisar jiha da KEDCO, ba sai an jira Abuja ba.

Wani abu da ya fi damuna shi ne yadda za a biya tallafin. Idan aka ce za a biya a kan kowace caja da aka kafa, mun san ƙarshen labarin: a kafa, a ɗauki hoto, a yanka kyalle, bayan wata uku akuya na kwana a gindinta. A biya a kan wutar da aka sayar wa direba, mita ta nuna, a liƙa alƙaluman inda kowa zai gani. Tashar da ba ta aiki kada ta ga ko sisi.

Sannan wuta ba wasa ba ce. Garin da ya ga gobarar kasuwar Sabon Gari a 2016 bai kamata a bar kowa ya tara batira a shago yana caji da waya mai arha ba, ga zafin Maris da Afrilu da ke dafa batir ko ba a taɓa shi ba. Wanda zai haɗa wayar ya kasance mai lasisin hukumar NEMSA. Muna da yaran da suka gama Kano Poly da BUK suna zaune, wasu ma adaidaitar suke ja. A horar da su, a ba su aikin haɗawa da gyara da wanke farantai idan ƙurar hunturu ta rufe su.

'Yan uwa masu adaidaita da ke bin wannan shafi, ina neman abu biyu daga wurinku: nawa kuke kashewa a mai a rana, kuma a ina mashin yake kwana? Ku rubuto, ba sai kun sa suna ba. Da su za mu haɗa takardar da za mu kai wa 'yan majalisarmu. Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah ya kai mu.