Hanyar keken yara a filin shaƙatawa: a fara da ƙasa kafin siminti

 

Maganar yau ta taso ne daga saƙon wani mai sauraronmu na tsallaken iyaka, magini ne. Ya ce ƙungiyar unguwarsu ta samu izinin gyara wani ɓangare na filin shaƙatawa, sai ɗansa ya nuna masa wani bidiyo a waya: yara na gudu da keke a kan hanyar siminti mai tudu da gangare, ko feda ba sa takawa. Tambayarsa ɗaya ce: buhu nawa za ta ci? To Malam magini, zan ba ka lissafin buhun, amma ka yi mini haƙuri sai can gaba. Siminti ba ya karɓar gyara. In ka zuba shi a kan kuskure, kuskuren ya zauna ke nan, sai dai guduma.

Ni a bakin titi na koyi keke, keken haya, ana ƙirga mana minti. Har yau akwai tabo a gwiwata ta hagu daga ranar da na kauce wa mai babur na faɗa kwata. Na yi sa'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce haɗarin hanya shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Don haka duk unguwar da ta ce za ta ware wa yara wurin hawan keke da mota ba ta shiga, ai ba maganar wasa kaɗai take yi ba.

Ita wannan hanya Turawa na ce mata famtirak. Zagaye ce, ba ta da farko ba ta da ƙarshe, an jera mata ƙananan tudu da kwari, kwanoninta kuma an ɗaga bayansu kamar gefen tasa. Yadda ake gudu a kanta ba feda, kun san lilo? Yaro na kan lilo, ba mai tura shi, amma yana durƙusawa yana miƙewa a daidai lokaci, sai ka ga yana ƙara sama. Haka nan take. In keke zai hau tudu yaro ya sassauta jiki, in zai gangara ya danna da hannu da ƙafa. Kowace dannawa na ƙara masa gudu. Abin ya zama wasa na gaske, har hukumar tseren keke ta duniya ta amince da gasarsa ta duniya a 2019, aka yi ta a kusa da birnin Bern na Suwizalan.

Daga wannan bayani za ku gane abin da ya fi komai wuya a aikin: siffa. Masu gina irin wannan hanya suna da ƙa'idar da suke farawa da ita, ɗaya bisa goma. Tudu mai tsayin santimita 30, to daga kansa zuwa kan na gaba a bar kamar mita 3. In ka matse su, taya ta riƙa cin karo, yaro ya wuntsila ta kan keke. In ka ware su da yawa, gudun ya mutu a tsakani. Kuma kada a bar shimfiɗaɗɗen wuri ko na taku biyu, gangaren wannan tudu shi ne mafarin hawan na gaba. Kan tudun ya zama mai lanƙwasa kamar bayan ƙwarya, kwarin kuma kamar cikinta. Magininmu ya saba da miƙe layi da daidaita kusurwa, abin da ake yabonsa da shi ke nan. A nan kuwa miƙaƙƙen layi shi ne aibi. Kwana ma haka, in ta yi tsini ƙaramin yaro ba zai iya shanta ba, a buɗe ta, daga tsakiyarta zuwa hanyar kamar mita 3.

Kafin siffa ma akwai fili. A Akra ta ƙasar Gana, ƙungiyar Surf Ghana ta buɗe filin Freedom a watan Disamba na 2021, na kankare, don masu wasa da allo mai taya. Shahararren mai zanen tufafin nan Virgil Abloh, wanda iyayensa 'yan Gana ne, yana cikin waɗanda suka tallafa, ya kuma rasu 'yan makonni kafin a buɗe. Fili ne mai kyau, har mataimakiyar shugaban Amurka ta lokacin, Kamala Harris, ta ziyarci wurin a 2023. Duk da haka rikicin mallakar ƙasa ya taso masa daga baya. In wurin da duniya ta sani bai tsira daga wannan ba, ina ga namu na unguwa? Malam magini ya ce sun samu izini. Ina tambaya: na baki ne ko na takarda? Ku je ofishin magajin gari ko ƙaramar hukuma, a rubuta, a sa hannu, a buga hatimi, a faɗi faɗin wurin da tsawonsa da shekarun da aka ba ku. Mun sha ganin filin ƙwallo ya wayi gari an kafa masa tubalin shaguna. Wanda ya yi muku alkawari yau, gobe an canza shi.

Sai ruwa. Shawarata, kada ku zana komai sai kun je filin ana tsakiyar ruwan sama na watan Agusta, kun tsaya da lema kun ga inda ruwa ke bi da inda yake kwanciya. Zagayen nan da kuke shirin ginawa, in kun lura, madatsa ce. Tsakiyarsa zai tara ruwa ya zama kududdufi, sauro ya samu gida, ruwan kuma ya riƙa cin ƙasar da ke ƙarƙashin simintin har ya bar shi a kan iska. Rana ɗaya sai ka ji ya fashe. Maganinsa a ɗaga hanyar gaba ɗaya sama da filin, a karkata fuskarta kaɗan, kamar santimita 2 a kowace mita, don ruwa ya zame. Kowane kwari a ba shi mafita. Tsakiyar zagayen a haƙa rami a cika da duwatsu ruwa ya tsotse, ko a binne bututu ta ƙarƙashin hanyar ya kai shi magudana. In ƙasar wurin laka ce mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, a kwashe ta a kawo burji.

Yanzu ga abin da na fi so ku riƙe daga shirin yau. Ku gina hanyar duka da ƙasa tukuna. Ku zana ta da toka ko farar ƙasa, ku zuba jar ƙasa kaɗan-kaɗan, kaurin da bai wuce tsawon tafin hannu ba, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara wata. Aikin daɓe ne, kakanninmu mata sun san shi tun kafin siminti ya zo ƙasar nan, sai dai in akwai injin daddaɓe ƙasa na haya ya fi sauri. In siffar ta fito, ku kira yaran. Ba gwanayen kaɗai ba, har da mai shekara biyar da ke tsoro, har da 'yan mata. Ku tsaya gefe ku yi kallo. Inda duk suka taka feda, akwai kuskure a wurin. Inda suka taka burki, kwanar ta matse. Inda feda ta daki ƙasa, tudun ya yi tsini. Ku ɗauki shebur ku gyara, su sake hawa. Gyaran ƙasa gumi kawai yake ci. Ku bar ta haka makonni, in da hali ma damina guda ta wuce a kanta, ruwa ya nuna muku abin da kuka manta.

Wani zai ce wannan ɓata lokaci ne, kuɗi na hannu, a zuba a huta. Na ji. Amma kuɗin ƙungiyar unguwa sau ɗaya ake tara shi. In yara suka hau sau biyu suka ga ba daɗi suka koma titi, ba wanda zai sake ba ku ko sisi.

Me ya sa siminti, ba kwalta ba? A Turai yawancin irin waɗannan hanyoyi da kwalta ake yi. Kamfanin Velosolutions na Suwizalan, na tsohon ɗan tseren keke Claudio Caluori, da ita ya yi suna, kuma da ita ya gina wadda ke garin Roma na ƙasar Lesoto a 2017. Kwalta ba ta da gaɓa, tana da laushin hawa. Sai dai dole a kawo ta da zafinta a shimfiɗa nan take, kuma samun 'yar kaɗan don ƙaramin aiki ba sauƙi. Siminti kuwa kowane gari akwai shi, akwai masu iya shi. A unguwar Kitintale ta Kamfala, matasa da hannunsu suka gina filin wasan allo mai taya na siminti tun tsakiyar shekarun 2000. A Adis Ababa ma, a 2016, 'yan sa kai ne da matasan gari suka zuba nasu.

To ga lissafinka Malam magini. Mu ce zagayen mita 60 ne, faɗinsa mita 2, kaurin kankaren santimita 10. Ka ga kankare mita 12 ke nan na murabba'i mai zurfi, abin da kuke kira kubik. Kowane kubik na cin buhu 6 zuwa 7 mai kilo 50. Ya kama buhu 72 zuwa 84, ka ƙara wani abu don kwanoni sun fi faɗi, kuma ba a rasa ɓarna. Ban da yashi, tsakuwa, rodi ko ragar ƙarfe, da ruwa. Farashi ba zan faɗa ba, na naira daban na sefa daban, kuma kafin takardar nan ta iso hannunka ya canza.

Wajen zubi, abu biyu ke kayar da mutane. Na farko yawan ruwa a kwaɓi. Lebura na son kwaɓi mai ruwa don ya fi sauƙin juyawa, amma yana rage ƙarfin kankare, kuma a jikin kwana ba zai tsaya ba, zai zubo ƙasa. A kwaɓa shi da tauri. A yanka katako da siffar tudun a kafa gefe da gefe, a ja kankaren a kansa, don kada siffar da yara suka gwada ta ɓace a hannun mai shafe. Rodin ya zauna a tsakiyar kaurin, a ɗora shi kan ƙananan duwatsu, kada ya kwanta a ƙasa. A zuba gaɓa-gaɓa, mahaɗar kuma ta zama lif, don tazarar da babba ba zai ko lura da ita ba tana iya kayar da ƙaramar taya. Fuskar kada ta yi santsi kamar daɓen ɗaki, ƙura na hawa taya za ta zame. Kada kuma ta yi kaushi, don duk yaron da ya faɗi da fatarsa zai biya.

Na biyu rana da iska. Kankare ba bushewa yake yi ya yi ƙarfi ba, ruwan da ke cikinsa ne ke aiki da simintin a hankali. In zafin bazara ko iskar hunturu ta shanye ruwan da wuri, sai fuskar ta tsattsage tun ba a hau ba. Ku zuba da sassafe ko da yamma. Ku rufe da buhunan algarara jiƙaƙƙu ko leda, a riƙa ba shi ruwa aƙalla kwana 7. Cikakken ƙarfinsa sai wajen kwana 28. A waɗannan kwanaki sai kun sa mai gadi, don yaran da suka taya ku gwaji ba za su yi haƙuri ba, awaki ma haka.

Wasu ƙananan abubuwa da ake mantawa. Gefen hanyar a cike shi da ƙasa ya zo daidai da simintin, kada a bar baki mai kaifi. A bar fili mita biyu kowane gefe, ba bishiya, ba turke, ba benci. Inuwa dole ce, don simintin da ya sha ranar azahar ba ya taɓuwa, amma darbejiya a ɗan nesanta ta, saiwarta na ɗaga daɓe. A zana kibiya kowa ya bi gefe ɗaya. Hular kwano kuwa, na san tsadarta, ƙungiya ta sayi ko guda biyar a riƙa karɓa-karɓa.

Akwai kuma maganar da ba ta siminti ba. In aka buɗe wurin aka bar shi haka, samari masu ƙarfi za su mamaye shi, ƙanana da 'yan mata su koma 'yan kallo, wata rana ma ka tarar da mai babur yana gwada gwaninta a kai. Ku ware lokaci tun ranar farko: bayan la'asar na ƙanana, wata rana ta 'yan mata, da babba guda da ke zaune a wurin. Ku kuma sa wanda zai riƙa share yashi kullum, don yashi a kan kwana shi ne ya fi kayar da yara.

Malam magini, in kun daɓe ta ƙasar, ka turo mana hoto da abin da yaran suka ce game da kwanar farko, za mu karanta a shiri. Sauran masu sauraro da suka taɓa zuba kankare a gangare, muna son jin yadda kuka hana shi zubowa.